Yadda zaka tsara kasafin binciken asibiti kar kuɗi su ƙare ana tsakiyar aiki

In zaka rubuta kasafin gwajin magani, ko wani binciken da ake yi akan marasa lafiya, abinda zaka fara buɗewa shine furotokol, wato takardar da ta tsara yadda za'a gudanar da binciken, musamman teburin nan da yake nuna me za'a yiwa mutum duk ranar da yazo asibiti. Da yawa a cikinmu daga sama muke farowa, mai bada tallafi yace iyakar abinda zai bayar kaza ne, sai a zauna a rarraba, albashi kaza, ɗakin gwaji kaza, tafiye-tafiye kaza, lissafi ya cika cif a tura. Takarda tayi kyau kam, amma ba wanda ya san nawa mutum ɗaya yake ci daga ranar da ya shiga zuwa ranar da ya fita, kuma wannan lambar ita ce komai.

To ka ɗauki teburin ka bishi layi-layi. Zuwa na farko me za'a yi? Ɗibar jini, kwalabe nawa, safar hannu, sirinji, auduga, kuɗin gwajin kansa, minti nawa nas zata ɗauka, minti nawa likita, wa zai shigar da bayanan a kwamfuta, kuɗin motar mara lafiya da wanda ya rako shi. Farashi kuma ka tashi da ƙafarka kaje ɗakin gwaji da famasi ka karɓo a rubuce, kar ka dogara da abinda ka tuna na bara. In ka gama zuwa ɗaya kayi na gaba har ƙarshe, ka tara, sannan ka ninka da yawan mutanen da ake so.

Nan ne ake faɗawa rami na farko, wato mutanen da aka tantance amma basu cancanci shiga ba. Dubi binciken SPRING da akayi a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda aka gwada maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Yara 220 ne suka shiga, amma yaro baya shiga sai na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta nuna yana cikin haɗari, kuma mafi yawan yaran da za'a auna awonsu bazai kai nan ba. Kaga kenan duk yaron da ya shiga akwai wasu da dama a bayansa da aka ɓata lokaci da kaya akansu. A irin wannan aikin wanda ya lissafa waɗanda suka shiga kaɗai, tantancewa ce zata cinye shi. Ka ware mata layinta daban, in kamfani ne mai ɗaukar nauyi kuma a rubuta a yarjejeniya mutum nawa zasu biya cikin waɗanda basu shiga ba. Haka zuwan da ba'a tsara ba, yaro yayi zazzaɓi cikin dare an kawo shi an kwantar, wa zai biya gado da magani? A amsa wannan tun kafin a sa hannu.

Sai kuɗin da za'a kashe ko mutum ɗaya bai shiga ba. Kwamitin ɗa'a na asibiti yana da kuɗin duba takardu, kuma izininsa sabuntawa ake yi duk shekara, in an gyara furotokol ma a sake komawa. In magani ne ko rigakafi dole NAFDAC ta bada izini, ita ma da kuɗinta, sannan ga ƙa'idojin NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Rijistar gwajin a PACTR, rumbun rijistar gwaje-gwajen asibiti na Afirka, kyauta ce, wannan kam ka huta. Fassarar takardar neman yarda zuwa Hausa, da sake mayar da ita Turanci don a tabbatar ma'ana bata kauce ba, aiki ne na biya, kuma wallahi kar a baiwa ɗalibi yayi a kyauta cikin dare ɗaya. Inshorar mahalarta ma haka. A Kano ba sai an yiwa kowa dogon bayani ba, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer yayi akan yara a 1996 lokacin annobar sanƙarau har yau ana tuna shi, shari'arsa sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha akan dala miliyan 75. Kuɗin zama da masu unguwa da malamai da iyaye kafin a fara, wasu suna ganinsa kamar almubazzaranci ne, ni dai bana cire shi ko ana matsa min in rage kasafi.

Wuta. In kana da firizar da take riƙe samfur a digiri 80 ƙasa da sifili, to dizal da batir da sola da mai gyara duk cikin binciken suke. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit, asibitoci da yawa basa iya ɗauke maka wannan nauyin kamar da.

Albashi shine yawanci kaso mafi girma, kuma shi baya jira. Ka rubuta kowane ma'aikaci da kason lokacinsa da zai baiwa aikin, ka ɗora fansho, doka ta 2014 tace mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 ma'aikaci kashi 8, ga haraji, ga ƙarin albashi duk shekara don ba wanda zai zauna maka shekara huɗu akan kuɗi ɗaya a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Nas ɗin da ka horas ta tafi, horas da sabuwa kuɗi ne da wata biyu na jan ƙafa. Ka kuma tuna in ɗaukar mahalarta ya yi jinkiri, wanda kusan kullum sai ya yi, albashi yana tafiya ne ko an samu mutum ko ba'a samu ba.

Akwai kason da cibiyar da aikin yake ƙarƙashinta take ɗauka na gudanarwa. NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kashi 8 take baiwa cibiyoyin ƙasashen waje, gidauniyar Gates kuma tana kaiwa har kashi 15. Wannan baya isar komai, shi yasa duk abinda zaka iya nuna cewa na aikin ne shi kaɗai, kamar akantan da aka ɗauka don aikin ko intanet na ofishin binciken, ka sa shi a layin kashewa kai tsaye in dokar mai tallafin ta yarda. Ka karanta dokar da kanka, ta kowa daban, kuma suna canzawa.

Maganar canji kuwa sai an zauna. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 750, farkon 2024 ta kai 1,500, ga tallafin mai da aka cire ranar 29 ga Mayu 2023. Wanda tallafinsa na naira ne, irin na TETFund, asusun tallafawa manyan makarantu, kuma sinadaran gwajinsa daga waje ake kawowa, kuɗinsa sun narke yana kallo. Don haka ka raba kasafin gida biyu, abinda ake saya da dala da abinda ake biya da naira, ka rubuta farashin canjin da kayi amfani dashi da kwanan wata a jikin kasafin. Kayan da basa lalacewa da wuri a saye su tun farko. In tallafin na dala ne naira ta faɗi sai kaga kamar an samu rara, to ba taka bace, ka rubuta ka nemi izini kafin ka taɓa, don ɓangaren naira shima yana nan tafe da tsadarsa. 'Yan'uwanmu na Nijar, kamar masu aiki a cibiyar Epicentre ta Maradi inda aka gwada rigakafin gudawar rota a Madarunfa, sun ɗan fi mu sauƙi nan in kuɗin na yuro ne, tunda sefa a ɗaure take da yuro akan 655.957.

Abinda yafi tsayar da aiki a ganina ma ba ƙarancin kuɗin bane, lokacin zuwansu ne. Masu ɗaukar nauyi da yawa sai kayi aikin ka tura takardar neman biya sannan su biya, wasu duk wata uku, wasu kuma su riƙe wani kaso sai an rufe bayanai gaba ɗaya. In kuɗin sun iso ma sai sun bi ta ofishin kuɗi na cibiya, in ta tarayya ce ka tambayi bursa tun wuri yadda tsarin TSA, wato asusun bai-ɗaya na gwamnati, yake shafar tallafin bincike a wajenku. Ita kuwa uwar da ta taso daga ƙauye da yaro yau take son kuɗin motarta, a hannu. Wanda yayi aiki a farkon 2023 lokacin canjin takardun kuɗi ya ga yadda rashin tsabar kuɗi yake hana mutane dawowa. Ba'a fafe gora ranar tafiya, ka nemi kuɗin fara aiki wanda ba'a mayarwa, da kuɗin somi na aƙalla wata uku, ka zana wata-wata nawa zai shigo nawa zai fita, duk watan da ya nuna giɓi ka san wa zai cike shi tun yanzu. Kuɗin motar mahalarta kuma adadin da kwamitin ɗa'a ya amince dashi ake bayarwa, in mota tayi tsada a koma wajensu a nemi gyara, kar ka ƙara da kanka ya zama kamar sayen mutane ake.

Duk ƙarshen wata ka zauna da akanta, Excel ma ya isa. Layi uku, abinda aka ware, abinda aka kashe, da abinda aka riga aka yi oda ba'a biya ba, wannan na ukun shi ake mantawa sai mutum ya ɗauka yana da kuɗi. Ka ɗora shi kusa da yawan waɗanda suka shiga, in an kashe rabin kuɗi kuma ko sulusin mutane ba'a samu ba, ranar zaka kira mai tallafi, kar ka jira rahoton shekara. Mai neman a saya daban, mai amincewa daban, mai biya daban. Risit na 'yar na'urar POS ɗin nan gogewa yake cikin watanni, a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa. Kuɗin wannan aikin kuma ba'a ranta wa wancan ko da na kwana biyu ne, odita baya jin “ai zamu mayar”.

Watannin rufewa suma a saka su tun farko: albashin mai tsaftace bayanai bayan mutum na ƙarshe ya gama, odita, wurin ajiye fayil na shekarun da yarjejeniya ta faɗa, ci gaba da riƙe samfur a firiza ko aika shi waje da busasshiyar ƙanƙara, kuɗin buga sakamako a mujalla, da taron komawa a faɗawa iyaye abinda aka gano. In lokaci ya ƙare da saura aiki da saura kuɗi, ana neman ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma sai an rubuta kafin ranar ƙarewar tallafin ta wuce.