Babi na Bakwai: Idan Banki Ya Riƙe Wani Ɓangare na Rancen Sayen Gida

Wannan babi na 'yan'uwa ne mazauna Ingila da Wales waɗanda ke shirin sayen gida da rancen banki. A Sukotilan tsarin cinikin gida ya ɗan bambanta. Ku ɗauko biro da takarda, domin akwai lissafi a gaba, amma kada kowa ya firgita, tarawa da ɗebewa ne kawai.

Darasi na ɗaya: Me ake nufi da riƙe kuɗi?

Kafin banki ya ba da rance, sai ya tura safiyonsa ya kimanta gidan, saboda gidan shi ne jingina. Idan safiyo ya tarar rufi yana yoyo, ko bango ya sha danshi, ko katakon daɓe ya ruɓe, ko wayoyin lantarki sun tsufa, zai sanar da banki. Irin wannan ya fi yawa a tsofaffin gidajen jere na jan bulo, kamar waɗanda suka cika unguwannin Mancesta da Bamingam. Daga nan banki yana iya amincewa da rancen, amma ya riƙe wani ɓangare har sai an yi gyara. Da Turanci ana kiran wannan ritenshan, kuma za ku same shi a takardar tayin rance, galibi a sashen sharuɗɗa na musamman. Wanda karatunsa bai kai ba ya ce wa lauyansa ya nuna masa layin da yatsa. Babu abin kunya a ciki.

Darasi na biyu: Wa zai cike giɓin?

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

A ce kuɗin gida fam 200,000 ne. Kun tanadi fam 20,000 na kafin alƙalami, banki kuma ya amince da rancen fam 180,000. Sai ya ce zai riƙe fam 5,000 saboda rufi. Ku rubuta 180,000, ku ɗebe 5,000. Abin da ya rage, 175,000, shi ne abin da banki zai tura wa lauyanku ranar kammala ciniki.

To, nawa mai gida zai karɓa a ranar? Fam 200,000 cif. Ba 195,000 ba. Mai gida ba ruwansa da abin da ke tsakaninku da banki, kuma ba zai miƙa makulli ba sai kuɗinsa sun cika. Saboda haka abin da zai fito daga aljihunku ya tashi daga 20,000 zuwa 25,000.

Ku sake karanta wannan da babbar murya: kuɗin da banki ya riƙe ba ragi ba ne a farashin gida. Mai saye ne zai cike giɓin, kuma kafin ranar karɓar makulli.

Har yanzu da saura. Mai gyaran rufin ma ku za ku biya shi, domin banki ba ya sakin abin da ya riƙe sai aiki ya kammala. Idan gyaran ya ci fam 5,000, kun ga ana bukatar 5,000 na cike giɓi da wani 5,000 na gyara, wato 10,000 a hannu, kafin na banki su fito. Madalla da wanda ya samu wannan amsar. Wanda bai samu ba ya koma farkon darasin.

Na sha yin wannan bayani a aji, kowa ya gyaɗa kai, amma mako na zagayowa sai wani ya ce ai banki ne zai biya mai gyara. Haba jama'a! Banki ba zai biya mai gyara ba, kuma mai gida ba zai jira ba. Ku rubuta shi sau uku a littafinku: ni zan cike giɓin, ni zan biya gyaran, daga baya banki ya saki ragowar. Sau uku na ce, ba sau ɗaya ba.

Darasi na uku: Kafin a sa hannu

Da zarar lauyoyi sun yi musayar takardun yarjejeniya, ciniki ya ɗauru, wanda ya janye kuma yana iya asarar kafin alƙalaminsa, wanda yawanci kashi 10 cikin ɗari ne na farashi. Don haka tun kafin ranar ku samo farashin aikin a rubuce daga masu gyara biyu ko uku, ku kai wa mai gida, ku nemi ya rage farashi ko ya yi gyaran da kansa. Idan ya ƙi, ku kuma ba ku da kuɗin ciko, har yanzu kuna da damar fasawa.

Darasi na huɗu: Karɓo ragowar

Ku duba wa'adin kammala gyara da banki ya rubuta, sau da yawa 'yan watanni ne. Ku adana rasit da takardar garantin aiki. Banki yana iya sake turo safiyo, kuma galibi ku za ku biya kuɗin zuwansa.

Darasi na biyar: Aikin gida

Gida fam 150,000, rance fam 135,000, an riƙe fam 3,000. Nawa za ku kawo ranar karɓar makulli?