Ƙaramar mota mai ɗaki: kurakuran da masu saye a Turai ke ta maimaitawa

'Yan uwa mazauna Ingila da Jamus masu sha'awar motar nan mai ɗaki, wadda ake kwana a ciki a yi girki a yi ta yawo lokacin hutu, kullum tambayarku ɗaya ce, ƙarama ko babba? Gaskiya hankalin masu saye ya koma kan ƙananan, duk wanda ya leƙa baje kolin Caravan Salon da ake yi a Dusseldorf ta Jamus ƙarshen watan Agusta zai ga yadda irin waɗanda aka ƙera a jikin motar kaya, su Fiat Ducato da Volkswagen California, suka cika wuri. Kuma suna da hujja, titunan Turai matsattsu ne, fakin wahala, mai ga tsada. Ni ma ƙaramar nake so wallahi. Sai dai mutane na saye da ido ne kawai, a nan ake yin asara.

Babban kuskuren shi ne nauyi, kuma shi ne wanda ba mai tambaya. In ka ci gwajin tuƙi a Ingila daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, lasisinka kilo 3,500 ya ba ka, Jamus ma haka abin yake tun 1999, sama da haka sai ka nemi lasisin C1. Wannan ne ma ya sa kamfanoni ke ta matsa motocin su tsaya a 3,500. To amma 3,500 ɗin nan har da kai da madam da yara da duk abin da kuka loda fa. Nauyin da ke jikin takarda direba ɗaya ya lissafa mai kilo 75, da mai, da ɗan ruwa kaɗan wanda wasu kamfanonin lita 20 kawai suke sawa a lissafi, sannan doka ta yarda ainihin nauyin motar ya haura na takarda da kashi 5 cikin ɗari, a motar kilo 3,000 ka ga 150 sun tafi ke nan ba ka sa ko cokali ba. Yanzu cika tankin ruwa lita 100, kilo 100 ne cif, ƙara rumfar gefe da kekuna da tukunyar gas, mu kuma ka san ba ma tafiya ba buhun shinkafa da tukwane da su garin tuwo, kafin ka ankara ka wuce iyaka. In aka tsayar da kai aka ɗora motar a sikeli tara ce, wani wurin ma sai ka sauke kaya a bakin titi, in kuma hatsari ya faru inshora na iya kawo maka magana. Gyaran mai sauƙi ne, kafin ka biya kuɗi ka ce a kai ta sikelin manyan motoci a auna a gabanka, ka cire abin da ya fito daga iyakar nauyin da aka rubuta wa motar, 3,500 ko ƙasa da haka, abin da ya rage shi ne rabonka. In dila ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Sai masu ƙirga gado su manta da bel. Za ka ga an rubuta tana kwanar da mutum huɗu, amma kujeru masu bel biyu ne kacal a gaba, ina za ka zaunar da yaran in ana tafiya? Kan gado? Haba. Wannan ba maganar tara ba ce kawai, maganar rai ce. Mu da Allah ya albarkace mu da iyali, kujeru masu bel za mu fara ƙirgawa, kuma mai yara huɗu ko biyar gara ya haƙura da 'yar ƙaramar nan, ba tasa ba ce, ko ya haɗa da tanti.

Wasu kuma sun ɗauka tunda an ce ƙarama ko'ina za ta shiga. A'a. Ducato bisanta ya haura mita biyu da rabi, yawancin wuraren fakin masu ƙarfe a ƙofa kuwa mita biyu ne ko ɗan sama da haka, California ce ke tsallakewa don ba ta kai mita biyu ba, amma ita babu banɗaki a cikinta. A manyan titunan Faransa da zarar bisa ya wuce mita biyu kuɗin hanya ya canza aji. Tsawo ma haka, ba banza ba ake yin mai mita 5.99, jiragen fito da yawa daga mita shida suke ƙara kuɗi, mai 6.36 ta fi daɗin kwana amma za ka biya. Ka auna ƙofar gidanka da inda za ta kwana tun kafin ka je kallo.

Banɗaki ne ya fi damuna don dila ba zai taɓa tuna maka ba. Mu da ruwa muke tsarki, ga alwala sau biyar, tankin banɗakin nan da ake zarowa a zubar kuma lita 17 zuwa 20 ne galibi, da buta da iyali kwana ɗaya ya cika. Ka shiga ka rufe ƙofa ka gwada tsugunawa da ɗaga ƙafa kamar za ka wanke, kar ka ji kunya, kuɗinka ne. Ka duba ko akwai filin shimfiɗa sallaya in ana ruwa a waje, don a wasu sai an naɗe gado an juya kujera tukuna. In da hali ka sayi tankin banɗaki na biyu, alwala kuma a yi a waje in yanayi ya yarda.

Masu neman araha su ɗauko tsohuwa, ku duba injin. A Landan tun Agustan 2023 tsarin ULEZ, wato harajin motoci masu yawan hayaƙi, ya game duk unguwanni, dizal ɗin da bai kai ma'aunin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba fam 12.50 ne duk ranar da ka motsa ta, kuma galibin waɗanda aka yi kafin 2016 ba su kai ba. Biranen Jamus da Faransa su ma suna da sitikar ajin hayaƙi da ake mannawa a gilashi. Sannan danshi, shi ke cin motocin nan ta ciki a ɓoye, ka sa hanci cikin kabad, ka danna bango kusa da tagogi da rufi, in ya lotsa ka bar ta, ka kuma nemi takardar gwajin danshi ta bana.

Kafin komai dai ka ɗauki hayar irin wadda kake so na sati ɗaya, ku tafi da kowa da kowa, kuma ka zaɓi satin da ake ruwa ba na rana ba, a rubuta duk abin da ya takura ku, da takardar nan za ka je wurin dila.