Kurakuran da aka fi yi wajen fitilun gaba na mota da makunnin AUTO, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa fita daga Sakkwato bayan sallar isha'i ya nufi Tambuwal ko Illela ya san motoci iri biyu da suka fi wahalar da direba: wadda fitilarta ta dushe har ba a gane mota ce ko babur sai an zo gab da ita, da wadda haskenta ke shiga ido har mutum ya rasa gefen kwalta. A duka biyun ƙwan fitila ake fara canzawa, domin shi ne abin da ido ke gani, alhali ƙwan zango ɗaya ne kawai a hanyar da wuta ke bi.

Wutar tana tasowa daga batir mai bolt 12, wanda altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ke ɗagawa zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki. Tana ratsa fiyus, ta bi ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ce ke motsa shi, ta isa soket ta shiga ƙwan, sannan ta koma batir ta wata waya da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar. Makunnin da ke hannun direba ba ya ɗaukar wannan wutar a yawancin motoci. 'Yar ƙaramar wuta yake aikawa ga rile, ko kuma saƙo ga ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke kula da kayan wutar jikin mota, ita kuma ta buɗe hanya. Wanda ya riƙe wannan tsarin a ransa zai gane inda mafi yawan kurakuran suke fitowa.

Mafi yawa a cikinsu shi ne a ga haske ya ragu, sai a je a sayo ƙwai mai wat 100 a sa a gurbin mai wat 55. Ƙwan halojin, wato mai siririn zare a cikin gilashi, samfurin H4, wat 60 ne a ful, 55 a dim, kuma H7 da H11 wat 55 ne. Mai wat 55 yana jan amfiya huɗu da rabi ko sama kaɗan, mai wat 100 kuwa yana jan fiye da takwas, ta cikin waya da soket ɗin da aka auna wa rabin wannan nauyin. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, ba a daɗewa robar soket ta narke, bakin ƙarfen ya yi baƙi, madubin da ke cikin gidan fitilar ya ƙone, hasken ya koma ƙasa da yadda yake tun farko. Abin da ya kamata a fara yi shi ne awo. A tayar da inji, a kunna fitila, a auna wutar da ke kan batir da mitar auna wuta, sannan a auna wadda ke isa bayan ƙwan yana ci. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, akwai inda wuta ke maƙalewa, kuma halojin ba ya jure wannan: asarar bolt ɗaya tana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haskensa. Sau da yawa tsatsa ce ko ƙura a inda aka ɗaure wayar jikin mota, kuma alamarta ita ce fitila ɗaya ta yi ja-ja yayin da ɗayar take lafiya. A kwance noti, a goge wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da kyau. Idan kuma robar fuskar fitilar ce rana ta mayar ruwan ɗorawa, gogewa da shafa mata abin kariya ne maganinta, domin babu ƙwan da zai ratsa ta yadda ya kamata.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na fiyus. Fiyus ya ƙone, sai a naɗa masa silin waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a cire mai lamba 10 a sa mai 30 don kada ya sake ƙonewa. An yi fiyus ne domin ya mutu a madadin waya. Idan aka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi zafi a cikin damin wayoyin da ke bayan dashbod, inda babu mai ganinta sai hayaƙi ya tashi. Fiyus ɗin da ya ƙone sau biyu a jere yana nuna cewa wata waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko an ɗora wa layin kayan da ba nasa ba, kamar ƙarin fitilun da ake jonawa a bamba. Lambar da ta dace tana rubuce a murfin akwatin fiyus, ita za a mayar, sannan mai wayarin ya bi layin ya gano inda ya goge. Rile kuwa gwajinsa ba shi da wuya: ƙafafunsa masu lamba 85 da 86 su ne na umarni, 30 da 87 su ne na babbar wuta, kuma idan akwai irinsa sak a akwatin, kamar na hon, ana iya musanya su a gani. Jin ƙarar "ƙas" daga rile ba shaida ba ce cewa yana da lafiya, domin bakinsa na ciki yana iya ƙonewa alhali yana motsi.

Akwai masu korafin cewa ƙwan yanzu ba ya ƙarko, suna canzawa duk bayan 'yan makonni. Wani lokaci jabu ne, amma a duba abu biyu tukuna. Na farko hannu: maiƙon yatsa a kan gilashin halojin yana tara zafi wuri ɗaya har gilashin ya kumbura ko ya fashe, don haka ta gindi ake riƙe shi, ko da tsumma mai tsabta. Na biyu altaneta: idan tana ba da fiye da bolt 15, ita ce ke cin ƙwan, domin ƙarin kashi 5 cikin ɗari na wuta yana rage rayuwarsa da kusan rabi. A nan ne ya dace a ambaci al'adar nan ta zare kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta tana caji. Batir ne ke danne tsallen wuta a mota, kuma da zarar an zare shi wutar tana iya yin tsalle ta ƙone ƙwai, ta ƙone ƙwaƙwalwar da kuɗinta ya ninka na batir ɗin. Mita tana ba da amsar wannan tambayar cikin minti ɗaya ba tare da an zare komai ba.

Sauya halojin da ƙwan LED na kasuwa ko na zinon, wato mai iskar gas maimakon zare, ya zama ruwan dare, kuma shi ne tushen yawancin hasken da ke makantar da mutane. Madubin gidan fitila an ƙera shi ne don ya tattara haske daga ɗan siririn zaren da ke zaune a wani gurbi takamaimai. Idan abin da ke ba da hasken ya goce daga gurbin ko da milimita kaɗan ne, layin da ya kamata ya yanke hasken dim ya ɓace, direba ya ga gabansa ya yi fari ya ɗauka ya ci riba, alhali hasken sama ya watse, bai yi nisa a kan kwalta ba. A motocin da ƙwaƙwalwa ke lura da yawan wutar da ƙwai ke ja, LED yana sa fitila ta riƙa ƙiftawa ko alamar mutuwar ƙwai ta fito. Motar da ta zo da zinon daga kamfani kuwa, kada a taɓa wayoyin akwatin da ke tayar da shi makunni yana kunne, domin yana harba fiye da bolt 20,000 a lokacin kunnawa. Kuma duk ƙwan da aka sa, a mayar da murfin robar da ke bayansa. Barinsa a buɗe shi ke cika gidan fitila da ƙurar hunturu da raɓar damina.

Saitin fitila ma ana wasa da shi. Hasken dim yana sunkuyawa ne da kusan kashi 1 cikin ɗari, wato idan mota ta tsaya mita 10 daga bango a wuri mai daidai, layin hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, kuma galibi adadin yana rubuce a jikin gidanta. Motar da aka cika wa but da buhunan albasa daga Goronyo bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga, dim ya koma kamar ful. Ƙaramin makunnin nan mai juyawa mai lamba 0 zuwa 3 da ke kusa da sitiyari a wasu motoci don sauke hasken a irin wannan hali aka yi shi. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da aka shigo da ita daga Ingila ko Japan aka juya mata sitiyari, idan ba a canza fitilunta ba, ɓangaren haskenta mai ɗagawa yana faɗawa ne a idon mai tahowa maimakon gefen hanya, kuma juya noti ba ya gyara wannan.

Sai maganar AUTO, wato saitin makunni da ke sa fitila ta kunna ta kashe da kanta, wadda mutane da yawa ke ɗauka ta lalace alhali aikinta take yi. Wata 'yar sensa ce mai auna haske ke tafiyar da ita, kamar rabin ƙwallo, a saman dashbod kusa da gilashin gaba, ko a bayan madubin tsakiya. Idan hasken da ke isa gare ta ya ragu, ƙwaƙwalwa takan ɗan jira daƙiƙoƙi kafin ta kunna fitila, don kada inuwar gada ko ta bishiya ta sa ta riƙa kunnawa da kashewa. A nan Sakkwato muna shimfiɗa kafet ko gashi a kan dashbod saboda rana, kuma dalili ne mai kyau, amma idan shimfiɗar ta rufe sensar, mota za ta ɗauka dare ne ta bar fitila a kunne da tsakar rana. Haka hula ko takardun da aka ajiye a wurin, da baƙar ledar da ake manna wa saman gilashi. Abin takaici shi ne a kai irin wannan motar gareji a yanke wayoyi a jona makunni na dabam, alhali huda ƙaramin rami a kafet ɗin ya wadatar. Fitilar da ta ci gaba da ci na ɗan lokaci bayan an kashe mota ita ma ba lalacewa ba ce, an tsara ta ne ta haska wa mai ita hanya, kuma a motoci da yawa ana iya rage lokacin ko a kashe shi daga allon saiti.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne dogara da AUTO a inda ba ta gani. Sensar yawan haske take aunawa, ba ta auna nisan da ido ke iya hangowa. A safiyar Disamba ko Janairu da hazo ya rufe hanyar Gusau, sararin sama fari ne tas, saboda haka sensar tana ganin rana ce ta bar fitila a kashe, alhali motar da ke gabanka ba ta bayyana sai kun yi kusa. Haka abin yake a guguwar ƙurar da ke gabatar ruwan farkon damina. Fitilun rana da ke ci da kansu a gaban sababbin motoci suna ƙara ruɗar da direba, domin yana ganin haske a gabansa, allon gudu ma yana haske, amma a motoci da yawa jajayen fitilun baya a kashe suke, kuma tirelar da ke biye da shi ba ta ganinsa. A irin wannan yanayi a murɗa makunni da hannu zuwa dim, a tabbatar koriyar alamar fitila ta fito a allo, kuma kada a sa ful, domin ƙura tana dawo da haskensa cikin ido.

Motocin da ke sauya ful da dim da kansu kyamara ce ke yi musu aikin daga bayan madubin tsakiya, tana neman fararen fitilun masu tahowa da jajayen na gaba. Ƙurar da ta kwanta a wannan ɓangaren gilashin tana rage mata gani, kuma idan an canza gilashin gaba tana bukatar a sake daidaita ta da na'ura. Ko tana da cikakkiyar lafiya, takan makara wajen gane babur mai raunin fitila, kuma mai keke, da amalanken shanu, da mai tafiya a ƙasa ba su da fitilar da za ta gani. Idan an shigo gari ko an doshi ƙauye a bakin hanya, direba ya karɓi makunnin ya sauke hasken da hannunsa.