Darasi na 7: Allon karatu da allon zayyana a cikin kwamfuta

Duk wanda ya zauna makarantar allo a Tawa ya san allo iri biyu ne. Akwai na kullum, wanda ake rubutawa da tawada a wanke a sake. Akwai kuma na zayyana, mai launi da ado, wanda ake fitowa da shi ranar sauka. Manhajojin rubutu na kwamfuta ma haka suka rabu.

Allon kullum shi ne Bloc-notes, wanda wasu kwamfutoci ke nunawa da sunan Notepad. Yana tare da Windows tun 1985. Abin da yake ajiyewa haruffa ne tsura: baƙaƙe, lambobi, aya da waƙafi, sai wurin da layi ya ƙare. Ba ya riƙe hoto, ba ya riƙe launi. Sunan fayil ɗinsa yana ƙarewa da .txt, kuma don ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta da wayar hannu duk suna buɗe shi ba gardama. Lambobin wayar ƴan ƙungiya, ko sunayen waɗanda suka karɓi buhun albasar Galmi bashi, nan ne gidansu.

Allon zayyana kuwa shi ne irin su Word da LibreOffice Writer. Na biyun kyauta ne, ku riƙe wannan, domin ba kowa ke da kuɗin sayen Word ba. Waɗannan, bayan haruffan, suna ajiye umarni a ɓoye: wannan kalma a kaurara ta, wancan layi a sa shi tsakiya, a bar fili kaza a gefen takarda. Shi ya sa fayil mai .docx ko .odt ya fi na .txt nauyi ko da maganar ɗaya ce. Akwai wani ƙaraminsu, WordPad, da ya zo da Windows 95, amma an cire shi daga sabuwar Windows 11 a 2024. In ba ku gan shi ba, kwamfutar ba ta lalace ba.

Ga inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe, kuma abin yana damuna. Mutum ya ɓata awa guda yana ƙawata wasiƙar neman fili da zai kai ofishin magajin gari, sai wajen ajiyewa ya zaɓi .txt. Gobe ya buɗe, kalmomin suna nan, adon duka ya wanke. Kwamfuta takan yi gargaɗi kafin hakan, amma da Faransanci, mu kuma mukan latsa da sauri ba mu tambaya ba. Ku tsaya ku kira malami. Tambaya ba ta rage girman furfura.

Sai batun haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A Bloc-notes, wajen ajiyewa, ku duba ƙasan akwatin ku tabbata an zaɓi UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa da ya san namu masu ƙugiya. In aka zaɓi ANSI, haruffan nan sukan koma alamar tambaya, a rasa gane ƙasa daga kasa. A Word kuma, in ƙugiyar ta fito a karkace, ku sauya samfurin rubutun zuwa Arial ko Times New Roman.

Kafin ku buɗe kowanne, ku tambayi kanku ina rubutun zai je. In takarda ce da za a buga a sa hannu, zayyana. In don tunawa ne kawai, allon kullum ya wadatar.

Aikin gwaji

Ku rubuta sunanku, unguwarku da sana'arku a Bloc-notes, ku latsa Ctrl da S ku ajiye. Ku sake rubuta su a Word, ku kaurara sunan. A Word na Faransanci Ctrl da G ne ke yin haka. Sannan ku duba nauyin fayilolin biyu, ku rubuta lambobin a littafinku, ku zo da su ranar Asabar.