Gina Gidaje a Babban Birni: Yadda Ake Fara Lissafi Daga Ƙarshe

A kowane babban birni akwai irin ginin nan da ya tsaya a hawa na biyu, rodi ya yi tsatsa a kan ginshiƙai, ciyawa ta rufe tarin yashin da ke bakin ƙofa. Galibi abin da ya tsayar da shi lissafi ne da aka yi a baibai: an sayi fili, an zana gini, an fara zuba bulo, sai daga baya aka tambayi nawa mutane za su iya biya. Masu sana'ar gina gidaje don sayarwa ko haya daga wannan tambayar suke farawa, sannan su dawo baya har su iso ga kuɗin fili.

Karanta kasuwar unguwa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma adadin zai kai kashi 68 a 2050. Buƙatar muhalli tana nan ke nan. Amma buƙata daban, ikon biya daban, kuma birni ɗaya yana ɗauke da kasuwanni da yawa. Don haka ka ware unguwar da kake so, ka yi mata ƙidaya da ƙafarka.

Ka nemi farashin da aka sayar da gidaje a watanni shida zuwa goma sha biyu da suka wuce, kada ka dogara da wanda dillali ya rubuta a allo. Farashin neman ciniki buri ne kawai. Sai ka ƙirga gidajen da ke kasuwa yanzu, ka raba da adadin da ake sayarwa a wata. Idan akwai gida 60 kuma ana sayar da 10 a wata, kayan wata shida ke nan, wanda masu sana'ar ke ɗauka a matsayin kasuwa mai daidaito. Ƙasa da haka mai sayarwa ne ke da baki. Idan ya haura wata tara, mai saye ne zai yanka farashi. Ka zagaya da dare ka ga tagogi nawa ne ke da haske a sabbin benaye. Ka kuma ƙirga gine-ginen da ake kan yi, domin su ne abokan gogayyarka ranar da ka gama, bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu.

Kuɗin ruwan banki yana juya kasuwa fiye da yadda ake zato. A Amurka, ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga kusan kashi 3 a 2021 zuwa sama da kashi 7 a ƙarshen 2023. A kan bashi iri ɗaya, wannan yana ƙara biyan wata da fiye da rabi. Albashi bai ƙaru haka ba, saboda haka masu saye suka ja baya.

Lissafin kansa

A ce za ka gina gidaje shida, kuma bincikenka ya nuna jimillarsu za ta sayu a kan 1,000, ko da wane irin kuɗi ake ciniki. Daga nan sai ka fara cirewa. Gini ya ci 550. Mai zanen gini, injiniya, safiyo da kuɗin izini, kamar kashi 10 na kuɗin gini, 55. Ajiyar ko-ta-kwana, wani kashi 10, 55. Ruwan bashi a tsawon aikin, 50. La'adar dillalai da talla, 30. Ribarka, wadda ita ce ladan kasadar da ka ɗauka, 170. Jimilla 910. Abin da ya rage, 90, shi ne iyakar abin da filin ya cancanta a wurinka.

Idan mai fili ya kafe a kan 150, ƙarin 60 ɗin daga ribarka zai fito, ta koma 110. Yanzu ka gwada lissafin da mummunan yanayi, domin yana zuwa: kayan gini su ƙara tashi da 55 bayan an cinye ajiyar, farashin sayarwa ya sauka da kashi 5, wato 50. Wanda ya sayi fili a 90 zai tsira da 65. Wanda ya saya a 150 zai tashi da 5 bayan wahalar shekara biyu. A nan ne ya kamata mutum ya iya juya baya ya bar fili, komai kyansa.

Idan haya za ka bayar, ka cire wata guda na zaman gida babu kowa a kowace shekara, wato kusan kashi 8 na hayar, ka cire gyare-gyare, haraji da ladan mai kula da gidan. Abin da ya rage ka raba da duk abin da ka kashe. In sakamakon bai kai ruwan bashin da ka ci ba, kuɗin da ka ranto ba ya kawo abin da zai biya ruwansa, daga rabonka za ka riƙa cikawa.

Filin da kansa

Kafin kafin-alƙalami, lauyanka ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan mai sayarwa ne a takardar mallaka, kuma ba a jinginar da filin ba, ba ya cikin rigimar gado ko shari'a. Safiyo ya auna iyaka a ƙasa, ya gwada da taswira. Ka je hukumar tsara birni ka ji abin da aka yarda a gina a wurin: hawa nawa, tazarar da za a bari daga titi da maƙwabta, wurin ajiye motoci nawa. Waɗannan ƙa'idoji kan mayar da gidaje takwas da ka yi mafarki su koma shida, lissafi kuma ya rushe.

Gwajin ƙasa kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da yake karewa. Ƙasar yumɓu mai kumbura da damina ta tsuke da rani tana tsaga bango. Tsohon juji ko tafkin da aka cike yana nutsewa a hankali. Irin wannan wuri yana buƙatar harsashi na musamman, wanda zai iya cinye ajiyar ko-ta-kwana tun gini bai fito daga ƙasa ba. Ka kuma ziyarci filin bayan ruwan sama mai ƙarfi, ka duba layin danshi a katangun maƙwabta.

Zane da gini

Ka gina abin da ƙidayarka ta nuna yana saurin shiga, ko da ba shi kake sha'awa ba. A bene, matakala da baranda na kowa da kowa sukan ci kashi 15 zuwa 20 na faɗin ginin, kuma babu mai biyan hayarsu. A jera banɗakuna da kicin a kan layi ɗaya daga hawa zuwa hawa, bututu ya ragu, wuraren yoyo su ragu.

Kada a biya ɗan kwangila bisa kwanan wata. A biya shi bisa aikin da injiniya ya duba ya sa hannu: harsashi, ginshiƙai da dakin (kankaren da ake shimfiɗawa tsakanin hawa da hawa), rufi, filasta, kammalawa. A riƙe kashi 5 na kowane biya har wata shida zuwa shekara bayan miƙa makulli, saboda gyaran abin da zai bayyana. Wurin da aka fi yin ha'inci shi ne kankare, domin da zarar ya bushe ido ba ya ganin cikinsa. Haɗin da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, sai dai in injiniya ya rubuta wani. Leburori kan ƙara ruwa don ya yi sauƙin zubawa, kuma yawan ruwa yana rage ƙarfinsa sosai. A riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7. A kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Rodi ya samu rufin kankare na kusan milimita 25 a dakin, 50 a harsashi, in ba haka ba danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren. Kada a cire katakon da ke tallafe da dakin sai injiniya ya ba da izini.

Game da sayarwa tun gini bai kammala ba: hanya ce mai rage bashin banki, amma kuɗin masu saye amana ne. Kamfanin gina gidaje na Evergrande na ƙasar Sin ya dogara da bashi da irin wannan ciniki, ya kasa biyan bashinsa a 2021, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024, iyalai masu ɗimbin yawa suka zauna jiran gidajen da suka riga suka biya. A buɗe wa kowane aiki asusunsa daban, a rubuta ranar miƙa gida da tarar jinkiri a yarjejeniya, kuma kada a taɓa kuɗin wannan ginin don sayen wani sabon fili.