Yadda za ki nemi kariyar kotu ba tare da kin rasa gida, aiki da kuɗinki ba

Mata da yawa da suka bar mijin da ke dukansu sukan koma saboda kuɗin haya ya ƙare, ko an kore su daga aiki don sun yi fashin kwanaki, ko kuma katin banki da takardun yara suna hannun mijin. Dokokin da ƙasashe suka kafa kan cin zarafi a cikin gida sun lura da haka, shi ya sa mafi yawansu suka haɗa abu biyu, wato kare lafiyar mutum da kare abin da zai ci. Matsalar da ake yawan gani ita ce mai ƙara ta nemi na farkon kawai, ta bar na biyun, alhali alƙali yakan tsaya ne a kan abin da aka roƙe shi a rubuce. Muna magana da ke ne domin mata ne abin ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i. Amma dokoki irin su VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane ta Najeriya ta 2015, da dokar Birtaniya ta 2021 sun shafi namiji da mace baki ɗaya.

Fara da sanin dokar da ke aiki inda kike

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ke ɓata wa mutane lokaci. A ƙasashen da ke bin tsarin tarayya, dokar da aka ji labarinta a rediyo ba lallai ne ta yi aiki a jiharki ba. VAPP, alal misali, da aka sa mata hannu a watan Mayun 2015, Babban Birnin Tarayya Abuja ta shafa kai tsaye. Kowace jiha sai majalisarta ta amince da tata, kuma wasu sun canza sassa kafin su amince. A Amurka ma dokar hana cin zarafin mata, wato VAWA, ta 1994 ta tarayya ce, amma kotun jiha ce ke ba da umarnin kariya bisa dokar jihar. Don haka ki nemi kwafin dokar wurinki, ko ki sa lauya ko ofishin ba da taimakon shari'a kyauta ya amsa miki tambayoyi huɗu: wace kotu ce ke da hurumi, wa ya cancanci shigar da ƙara, me kotun za ta iya umarta game da gida da kuɗi, kuma tsawon wane lokaci umarnin yake ɗauka kafin ya ƙare.

Ki duba ma'anar da dokar ta ba cin zarafi. Da yawa sun wuce maganar duka. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998, ta Indiya ta 2005, ta Gana ta 2007 da ta Birtaniya ta 2021 duk sun ambaci zalunci ta fuskar tattalin arziki: ƙwace albashi, hana mutum aiki, sayar da kayansa, hana shi abin da ya wajaba a ba shi. VAPP ta mayar da tilasta wa mutum dogaro da wani ta fuskar kuɗi laifi, haka ma korar abokin aure daga gida da ƙarfi.

Shiri kafin a je kotu

Lokacin rabuwa da makonnin da ke biye da shi su ne mafi haɗari, domin a nan ne mai cin zarafi yake jin iko na kuɓuce masa. Saboda haka shirin nan a ɓoye ake yinsa, kuma ba a faɗa masa cewa za a kai shi kotu ko da cikin fushi.

Takardu ne abu na farko: katin shaida, fasfo, takardar aure, takardun haihuwar yara, katin asibiti, takardun makaranta, yarjejeniyar haya ko takardar mallakar gida, takardar albashi, da bayanan asusun banki na aƙalla wata shida. Idan ɗauke na asali zai sa ya ankara, ki ɗauki hotonsu ki aika zuwa sabon imel da bai san da shi ba, ki goge daga wayar. Ki ajiye ƙaramar jaka a wurin wanda kika amince da shi, da magungunanki, makullai, cajar waya da ɗan kuɗi.

Sai hujja. Ki riƙa rubuta kowane lamari da kwanan wata, da lokaci, da wurin, da abin da ya faɗa da bakinsa, da wanda ya gani ko ya ji. Rauni a ɗauki hotonsa sau biyu, ɗaya daga nesa yadda fuskarki za ta fito, ɗaya daga kusa da wani abu kamar tsabar kuɗi a gefensa don a gane girmansa. A sake ɗauka bayan kwana biyu ko uku, saboda kurman rauni yakan fi fitowa daga baya. A asibiti ki gaya wa likita ainihin abin da ya faru da wanda ya yi, ki tabbatar an rubuta. Idan kika ce faɗuwa kika yi, wannan takardar ce lauyansa zai ɗaga a kotu. In ya taɓa shaƙe miki wuya, ki faɗa ko da babu tabo. Shaƙewa na iya ɓata jijiyoyin wuya ba tare da alama a fata ba, kuma bincike ya nuna tana cikin manyan alamomin cewa ana iya kaiwa ga kisa. Dasashewar murya, wahalar haɗiya da jajayen ɗigo a farin ido duk abin nuna wa likita ne.

Saƙonnin waya a ɗauki hotonsu yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, kada a yanke gefe. Naɗar murya a ɓoye kuwa sai an tambaya tukuna, domin a wasu wurare doka ta hana naɗar mutum ba da saninsa ba. Ki duba wayarki ko tana nuna masa inda kike, ki canza lambobin sirri daga wata na'ura dabam.

Abin da za ki rubuta a takardar neman umarni

Kusan ko'ina umarnin kariya hawa biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda alƙali ke iya bayarwa ba tare da an saurari wanda ake ƙara ba idan akwai haɗari, sai na dindindin bayan an saurari ɓangarorin biyu. A Filifin, ƙarƙashin dokar 2004, shugaban unguwa na iya ba da umarnin kwana 15, kotu ta ba da na kwana 30 kafin na ƙarshe. A Barazil dokar 2006 ta ba alƙali awa 48 ya yanke shawara kan matakan gaggawa. A Indiya ana sa ranar zaman farko yawanci cikin kwana 3, a yi ƙoƙarin gama shari'ar cikin kwana 60. Ba sai an kama shi ko an gurfanar da shi kan laifi ba kafin ki nemi wannan umarni, kuma a Ingila ba a biyan kuɗin kotu a kansa. Idan ba za ki iya zuwa da kanki ba, dokoki kamar VAPP da ta Afirka ta Kudu sun yarda ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, jami'in walwalar jama'a ko malami ya shigar a madadinki da amincewarki a rubuce.

A takardar rantsuwa ki fara da lamari na baya-bayan nan, sannan mafi muni, sannan ki nuna yadda abin yake maimaituwa. "Yana takura mini" ba ya gaya wa alƙali komai. "Ranar kaza da dare ya kulle ƙofa, ya shaƙe ni har na kasa numfashi, ɗanmu yana kallo, ya ce zai kashe ni in na fita" shi ne irin bayanin da ake yanke hukunci a kansa. Ki ambaci makami idan yana da shi. A Amurka dokar tarayya ta hana wanda ke ƙarƙashin irin wannan umarni riƙe bindiga, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2024.

Daga nan sai jerin buƙatu, kuma a nan ne ya kamata ki zauna ki yi lissafi sosai. Bayan hana shi kusantarki, ki ambaci wuraren ɗaya bayan ɗaya: gida, wurin aiki, makarantar yara, gidan iyaye. Ki nemi a hana shi aiko wani ko tuntuɓarki ta waya da intanet. Ki nemi a bar miki gidan shi ya fita, ko ya biya kuɗin wani muhalli. Dokar Indiya ta ba mace haƙƙin zama a gidan da suke zaune tare ko da babu sunanta a takardar gidan, kuma a Ostiriya tun 1997 'yan sanda na iya fitar da mai cin zarafi daga gida nan take. Ki nemi riƙon yara na wucin gadi, da yadda za a riƙa miƙa su in zai gan su, a wurin da ba sai kun haɗu ba. Ki nemi ɗan sanda ya raka ki kwaso kayanki, ki lissafa kayan, har da keken ɗinki ko kwamfuta ko duk abin da kike sana'a da shi. Ki nemi a hana shi sayar da kadara ko kwashe kuɗin asusun haɗin gwiwa.

Kuɗin ciyarwa a rubuta shi da alƙaluma: haya, abinci, makaranta, magani, sufuri, kowanne da adadinsa na wata da rasit inda akwai. A ƙara kuɗin asibiti, albashin da kika rasa, da kayan da ya lalata. Mafi muhimmanci, ki roƙi a faɗi hanyar biya. Umarnin da ya ce ya riƙa ba ki kuɗi hannu da hannu ya buɗe masa ƙofar zuwa wurinki duk wata. Dokokin Filifin da Indiya sun ba kotu ikon umartar wurin aikinsa ya cire kuɗin daga albashi ya biya kai tsaye. Inda babu wannan, a nemi biya ta banki ko ta ofishin kotu, da ranar da aka tsayar.

Idan kin koma wani wuri, ki nemi kada a rubuta sabon adireshinki a takardun da za a kai masa. Ana yawan mantawa da wannan, sai takardar kotu ta zama ita ce ta nuna masa inda kike.

Wurin aiki, haya da bashi

Zuwa kotu da asibiti da neman gida duk a lokacin aiki ake yinsu, don haka wasu ƙasashe suka kafa hutu na musamman. Filifin na ba da kwana 10 da albashi, Niyuzilan kwana 10 tun 2019 ga wanda ya yi wata shida a aiki, Ostireliya kwana 10 tun 2023 har ga ma'aikatan wucin gadi, kuma an hana nuna irin hutun a takardar albashi don kada mijin ya gani. Ayilan na ba da kwana 5. A Barazil alƙali na iya umartar a riƙe wa mace gurbin aikinta har wata 6. Amurka ba ta da irin wannan hutu mai albashi a matakin tarayya, sai a wasu jihohi da birane. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2019, ta buƙaci ƙasashen da suka amince da ita su rage tasirin wannan cin zarafi a wurin aiki, kuma Najeriya ta amince da ita a 2022. Ko da doka ko babu, ki nemi hutun a rubuce, ki faɗa wa mutum ɗaya kawai a ofishin kula da ma'aikata, ki ba masu gadi kwafin umarnin da hotonsa, ki canza asusun da albashinki ke shiga kafin ƙarshen wata.

Kan haya, VAWA ta hana korar mace daga gidan da gwamnatin tarayya ke tallafawa don an ci zarafinta, ta kuma ba ta damar neman a canza mata gida cikin gaggawa. A Niyuzilan ana iya fita daga yarjejeniyar haya da sanarwar kwana 2. Inda babu irin wannan tanadi, barin gida ba tare da rubuta wa mai gidan ba na iya barin bashin haya a wuyanki. Haka bashin da aka ci da sunanki bisa tilas: banki ke zai bi, ba shi ba. Ki binciki duk rancen da ke kan sunanki, ki sanar da bankin a rubuce, ki sa maganar a takardar rantsuwa tun farko. Sabon asusu a buɗe shi a wani banki dabam, da lambar waya da bai sani ba, domin saƙon shigar kuɗi kaɗai ya isa ya tona shirin.

Bayan an ba da umarni

A yawancin wurare umarnin ba ya hawa kansa sai an kai masa a hukumance. Kada ke ki kai. Ki ba kotu adireshinsa, wurin aikinsa da lokacin da ake samunsa, ki koma wurin rajistara ki tabbatar akwai shaidar an kai. Ranar zaman kotu kada ki fasa zuwa, don rashin zuwanki na iya sa na wucin gadin ya faɗi. Ki nemi wurin jira dabam, ki tafi da mai rakiya, kuma a bar ki ki riga shi fita.

Ki yi kwafi da yawa: ɗaya a jakarki, ɗaya a ofishin 'yan sanda mafi kusa, ɗaya a makaranta, ɗaya a wurin aiki. Duk saɓawa a kai rahotonta, ko saƙon ban haƙuri ne ko kyauta ta hannun ƙanwarsa, domin da ƙananan nan yake gwada ko umarnin yana da ƙarfi. Ki karɓi lambar rahoto da sunan jami'in da ya rubuta. A Afirka ta Kudu kotu na fitar da takardar kamu tare da umarnin, a jingine ta har sai ya saɓa. A Ingila saɓa wa umarnin hana muzgunawa na iya kai mutum kurkuku har shekara 5. Idan dangi suka matsa a yi sulhu, ki sani cewa kotu ce kaɗai ke iya sauya umarnin ko janye shi, kuma ana iya sassauta sashe ɗaya a bar sauran, musamman na kuɗi. Ki rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ki gani, ki shigar da neman sabuntawa wata guda kafin ranar, tare da rahotannin saɓawa da bayanan banki da ke nuna watannin da bai biya ba.