Kurakuran masu fitowa a mugu a wasan RP da yadda ake gyara su

Da yawa daga matasan Garwa, Marwa da Ndjamena da ke shiga wasan RP, inda kowa ke ɗaukar matsayin wani mutum ana gina labari tare, sun fi son fitowa a 'yan fashi ko 'yan daba. Ko a sabobin FiveM na wasan kwamfuta GTA V ne (saba ita ce dandalin intanet da 'yan wasa ke haɗuwa a ciki), ko SA-MP na tsohon wasan GTA San Andreas na 2004 da ƙaramar kwamfuta ke iya ɗauka, ko RP na rubutu a WhatsApp da manhajar hira ta Discord, kurakuran kusan iri ɗaya ne.

Mafi girma shi ne mugun da ba ya faɗuwa. Harsashi ba ya kama shi, an ɗora masa bindiga a kai yana dariya, 'yan sanda sun kewaye shi amma sai ya tsere. A RP na rubutu ma har ya rubuta wa abokin wasansa sakamako: "Na cake ka, ka mutu." Wa ya ba ka wannan iko? Rubuta abin da naka mutumin ya yi yunƙurin yi, ka bar wa ɗayan amsarsa. Wanda ya fito a ɗan sanda ko mai kanti shi ma kuɗinsa ya sa ya sayi data, ya zo ne don a yi labari da shi. Idan kullum kai ke cin nasara, watarana za ka buɗe wasa ka tarar babu wanda ya rage da za ka yi wa fashi. Ka bari a kama ka, mutuminka ya ji tsoro, ya kwana a kurkuku, ya fito da sabuwar gaba. A nan labari ke yin daɗi.

Kisa ba dalili ma haka yake, kuma yawancin sabobi na korar mutum a kansa. Barazana, bashi, cin hanci da cin amana sun fi harbi ba wa labari tsawon rai.

Sai ɗauko labarin waje. Ka ji a Discord inda abokan hamayya suka ɓoye kayansu, sai ga mutuminka a ƙofar wurin, alhali a cikin wasa babu wanda ya gaya masa. Abin da kai ka sani daban, abin da shi ya sani daban. Sabobin Faransanci, waɗanda mutanenmu suka fi shiga, suna kiran duk zancen da ke wajen labarin wasa HRP, kuma zagi da fushi su ma kada su tsallaka wannan iyaka.

Akwai kuskuren da a wurinmu ya wuce batun wasa: sa wa ƙungiyarka sunan ƙungiyar gaske. Tun 2014 yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ke fama da hare-haren Boko Haram, an kai hari Ndjamena a watan Yunin 2015, makiyayan Adamawa ta Kamaru da Mayo-Kebbi ta Chadi kuwa sun san garkuwa da mutane a zahiri. Mai yiwuwa wanda kuke wasa tare ya binne ɗan'uwansa saboda hakan. Ga kuma doka: a 2016 kotun soji a Yawunde ta yanke wa wasu samari uku ɗaurin shekara goma kan saƙon barkwanci na waya game da Boko Haram. Ƙirƙiri sunanka da garinka da tutarka, kuma kada ka jingina ƙungiyar da wata ƙabila ko addini. Kafin fage mai tsanani kamar garkuwa ko azabtarwa, tambayi ɗan wasan ta HRP ko ya yarda.

Fita daga wasa ana tsakiyar kama ka, laifi ne a kusan kowace saba. Mun san ɗauke wuta da yankewar intanet, amma admin, mai kula da sabar, da ke Faransa bai ga ɗakinka ba. Da zarar haka ta faru, aika saƙo ta waya, kuma idan ka dawo ka miƙa kanka a ci gaba daga inda aka tsaya.